Kafin ka taɓa kuɗin ritayarka a Amurka, ka fara duba kalanda

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ku da kuka sauka cikin shekara biyu ukun nan. Juma'ar da ta wuce bayan an sallame wani ƙanenmu ya tare ni a wajen ajiye motoci, takarda a hannu, fuskarsa duk ta canza, wai Yaya duba min wannan, hukumar haraji ta IRS ke bina kuɗi kuma ni wallahi ko sisi ban cire na kashe ba. Ina karɓa na ga abin da nake tsoro, ya juya kuɗin ritayarsa na 401(k) na tsohon wajen aiki zuwa wani asusun ritaya da ake kira Roth gaba ɗaya a lokaci guda saboda wani ya faɗa masa a wajen walima cewa Roth ba a biyan haraji. Shi ne mutum na huɗu da ya zo min da wannan matsala, kuma kuskuren da ni kaina na tafka ne a 2019, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ko Allah zai sa wani ya tsira.

Abubuwan farko ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Lambar soshiyal, lasisin tuƙi, buɗe akawun a banki, katin kiredit na farko, neman ɗaki, duk waɗannan mutanenmu sun iya su, kuma alhamdulillahi a nan kam ina alfahari da mu. Ka je Bronx wajen 'yan uwanmu na zangon Gana, ka je Greensboro wajen 'yan Nijar, ka zo nan Maryland ko ka sauka Houston, Bahaushe baya kwana a titi, kafin sati biyu an samo maka katifa da aikin da za ka fara lallaɓawa, in aka yi rasuwa kafin magariba an haɗa kuɗin jana'iza. Inda muke da rauni shi ne takarda. Maganar haraji a wajenmu ta koma ji-ta-ji-ta, wane ya ce wane ya ce, kuma sabon zuwa da ya fara ganin dala a hannu baya son a ce masa dakata.

To ga yadda abin yake a taƙaice. In ka samu aiki a kamfani mai ɗan tsari za su ba ka 401(k), asusun ritaya ne da ake yankar wani abu daga albashinka ana zubawa tun kafin a cire haraji, kamfanoni da yawa kuma suna ƙara maka nasu a kai. Wannan ƙarin kar ka bari ya wuce ka, haƙƙinka ne, sai dai ka tambaya shekara nawa za ka yi kafin ya zama naka duka, don wasu in ka bar aiki da wuri sukan janye wani ɓangare. Wanda ya yi aikin albashi a Najeriya bayan dokar fansho ta 2004 abin ba zai zame masa baƙo ba, kusan irin asusun nan ne da ake tara maka a wajen kamfanin fansho. Amma ka sani na gida yana gida, ba a kwaso shi a zuba a na nan.

Bayan 401(k) akwai IRA, wanda kai kake buɗe wa kanka. Iri biyu ne. Na gargajiya, ba ka biya haraji ba lokacin zubawa, za ka biya ranar cirewa. Sai Roth, wanda aka sa wa sunan wani sanata ɗan jihar Delaware, William Roth, aka fara shi a 1998, shi kuma ka riga ka biya harajin kuɗin kafin ka zuba, in ka cika sharuɗɗa ranar cirewa ba ruwanka da kowa, har ribar da ya haifa. Ɗauko kuɗi daga na gargajiya ko daga tsohon 401(k) a mai da shi Roth shi ne juyawar da nake magana, a banki za ka ji suna cewa kombashan. Abu ne mai kyau, ni ban ce kar a yi ba. Amma duk dalar da ka juya wadda ba a taɓa cire mata haraji ba, gwamnati na ɗaukarta kamar albashi ne ka karɓa a wannan shekarar, a ɗora ta a kan abin da ka samu a lissafa. Wannan rabin maganar ne masu ba da shawara a wajen walima suke haɗiyewa.

Ni abin da ya same ni kenan. Na yi shekara bakwai a wani kamfani, na bar su a tsakiyar 2019 na koma inda ya fi albashi, na baro kusan dala 38,000 a 401(k). Shekarar nan kuma ita ce wadda na fi yin obataim tunda na zo ƙasar nan, uwargida ma tana aiki, abin da ya shigo mana mu biyu ya kai wajen dala 95,000. A watan Nuwamba na shiga intanet na danna maɓalli uku, ko minti goma ban yi ba, kuɗi ya koma Roth, har ina jin na yi dabara. Ban tambayi kowa ba, ban ɗauki biro na yi lissafi ba.

Harajin nan hawa hawa ne, kashi 10, 12, 22, 24, 32, 35 har 37 cikin ɗari, kowane hawa da iyakarsa. A 2019 mata da miji masu cika takarda tare ana fara zare musu dala 24,400 da ba a taɓawa, sannan hawan kashi 12 yana ƙarewa a dala 78,950. Mu da albashinmu kaɗai muna zaune lafiya a cikin kashi 12, saura mana wajen dala 8,000 mu taɓo rufin. Da dubu takwas ɗin nan kawai na juya da abin ya zo da sauƙi. Amma na kwaso dubu 38 na jibga, sai kusan dubu 30 suka haye hawan kashi 22. Ga jiha ta karɓi nata, ga ƙaramar hukuma ita ma a Maryland tana da nata kason. Da mai cika min takarda ya juyo da fuskar kwamfuta ya nuna min sai da na ce ya sake lissafawa. Abin ya haura dala 10,000, a shekarar da muka saba a dawo mana da canji.

Abu na farko da na ce masa shi ne to a mayar da kuɗin inda yake, na fasa. Ya girgiza kai. Da can ana yi, mutum na da dama har 15 ga Oktoban shekara mai zuwa ya warware juyin kamar ba a yi ba. Dokar haraji da aka sa wa hannu a Disamban 2017 ta toshe wannan ƙofa, duk juyin da aka yi daga 1 ga Janairun 2018 ya zauna kenan. Har yau akwai dattawanmu da suka zo tun shekarun 1990 da suke gaya wa yara ai in bai yi maka ba sai ka janye, ba ƙarya suke ba, tsohon ilimi ne ke hannunsu. Ko kasuwa ta faɗi washegari kuɗin ya zube rabi, harajin da za ka biya na adadin ranar da ka juya ne.

Na biyu na ce to a rubuta shi a lissafin 2020 mana, tunda yanzu muke cika takardar. Nan ma babu. A nan ne mutanenmu suka fi ruɗewa, don ranaku biyu ne kuma kowacce da aikinta. Zuba sabon kuɗi a IRA, wanda iyakarsa dala 7,000 ne a 2024 da 2025, ko 8,000 ga wanda ya kai shekara 50, wannan kana da dama har 15 ga Afrilu ka ce na bara ne. Juyawa kuwa ba ta san Afrilu ba. Shekarar da kuɗin ya tashi daga wancan akawun ita ce shekararsa, 31 ga Disamba an rufe littafi. Ka juya 30 ga Disamba, na wannan shekarar ne. Ka juya 2 ga Janairu, na sabuwar shekara ne, harajinsa sai lissafin baɗi. Kwana uku tsakani amma bambancin na iya zama dubban daloli. Kuma in kana so ya shiga lissafin bana kar ka jira satin Kirsimeti, kamfanonin nan wani lokaci sai sun yi kwanaki kafin su aiwatar, ma'aikata sun tafi hutu, ka tura tun farkon Disamba.

Abin da ya fi ci min rai, 2020 da korona ta zo aka rage min awoyi, uwargida ta zauna a gida wata da watanni, abin da muka samu ya faɗi sosai. Da na yi haƙuri na wata biyu kacal da a wannan shekarar zan juya mafi yawan kuɗin a kashi 12. Sauƙin da na samu ɗaya ne, a shekarar an ɗaga ranar biya daga Afrilu zuwa 15 ga Yuli, shi ya ba ni numfashi na harhaɗa, na karɓi kwasar adashi kafin lokacina, na sayar da motar da nake ji da ita.

Don haka lokacin juyawa shi ne shekarar da samunka ya yi ƙasa. Shekarar da ka koma makaranta, shekarar da aka sallame ka daga aiki ka yi watanni kana nema, shekarar da ka tafi gida ka daɗe, shekarar da matarka ta haihu ta ajiye aiki, ko shekarun da ke tsakanin ajiye aiki da fara karɓar kuɗin tsufa na soshiyal. Kuma ba dole sai duka ba, wannan ne ban sani ba. Kana iya gutsura kaɗan kaɗan kowace shekara, ba iyaka ga yawan juyin, kuma tun 2010 aka cire sharaɗin cewa mai samun sama da dala 100,000 ba zai juya ba. Ka jira wajen Nuwamba lokacin da ka riga ka san kusan abin da shekarar ta kawo, ka duba nawa ya rage ka taɓo rufin hawan da kake, ka juya daidai wannan ka tsaya. Misali a 2024 mata da miji ana zare musu dala 29,200, hawan kashi 12 kuma ya tsaya a 94,300, gwauro ana zare masa 14,600 nasa hawan ya tsaya a 47,150. Lambobin suna canzawa kowace shekara, ka duba na shekarar da kake ciki a shafin IRS. Wanda yake shirin ƙaura ma ya lura, in kana New York ko Maryland kuma baɗi za ka koma Texas ko Florida inda jiha ba ta karɓar harajin albashi, me kake gaggawa, bari ka sauka can tukuna.

Ku da matanku ke gida, Kano ko Maradi ko Kumasi, ana jiran biza, ku kula da wannan. Ba za ka rubuta kanka gwauro ba alhali kana da aure. Ko dai ka cika a matsayin mai aure da ke cikawa shi kaɗai, wanda hawansa ƙunci ne da shi, ko ka nemo mata lambar haraji ta ITIN ku cika tare. Wanne ka zaɓa yana canza yawan abin da za ka iya juyawa da arha, don haka a warware wannan kafin a taɓa komai.

Sai maganar inda kuɗin harajin zai fito. Ranar da kake juyawa za su tambaye ka ko a cire haraji daga ciki, mutum sai ya ga ai hakan ya fi sauƙi. In ba ka kai shekara 59 da rabi ba, abin da aka riƙe ɗin nan bai shiga Roth ba, don haka ana ɗaukarsa kamar ka cire ne ka kashe, a ɗora masa tarar kashi 10. Kuɗin haraji daga aljihunka ya kamata ya fito, daga ajiyar banki. In babu shi a ajiye to ba ka shirya juyawa ba, ko kuma ka rage adadin zuwa abin da za ka iya ɗauka.

Kuma IRS ba ta son a bari sai Afrilu a kawo mata duka, so take ana biya ana tafiya. Wanda ba a cire masa isasshe daga albashi ba akwai ranaku huɗu na biya, 15 ga Afrilu, 15 ga Yuni, 15 ga Satumba da 15 ga Janairu. Za ka kuɓuta daga tarar jinkiri in abin da ka biya cikin shekara ya kai kashi 90 na harajin bana, ko ya kai duka harajin bara, kashi 110 na bara in samunka ya wuce dala 150,000. Ni wannan tarar ba ta kama ni ba saboda obataim ya sa an yanke min fiye da na 2018, amma direbobinmu na Uber da masu manyan motoci da ba wanda ke yankar musu komai, su tana kama su sosai. Mai albashi yana da wata hanya mai sauƙi, ya je ofis ya gyara fom ɗin W-4 a ƙara yawan abin da ake yanka a watannin ƙarshe, domin abin da aka yanka daga albashi ana lissafa shi kamar an biya shi daidai tun farkon shekara.

Yanzu bari in zo kan wanda ya fi shafarmu mu Hausawa, domin mu ajiyarmu ba ta zama lafiya. Yau an kira ka rufin ɗakin Hajiya ya zube, gobe auren ƙanwa, jibi an samu fili mai arha a bayan gari, ga kujerar Makka da ka yi wa tsoho alkawari. Ba laifi ba ne, don su muka fito. Amma kuɗin da ka juya yana da agogo na shekara 5. In ka cire shi kafin shekara biyar ɗin su cika kuma ba ka kai 59 da rabi ba, akwai tarar kashi 10 a kan abin da ka cire, duk da cewa ka riga ka biya harajinsa. Agogon yana fara bugawa daga 1 ga Janairun shekarar da ka juya, ko da a Disamba ka yi, kuma kowane juyi da nasa agogon, na 2023 daban na 2024 daban.

Nawa na 2019 zai cika ne 1 ga Janairun 2024. A Oktoban 2023 aka kira ni ginin da nake yi a gida ya kai linta, mai aiki ya ce kayan gini kullum tashi suke, a turo a rufa kafin su ƙara. Na cire dala 15,000 daga Roth ɗin nan, a raina kuɗina ne, na biya musu haƙƙinsu tun tuni. Lokacin cika takarda sai ga fom 5329, tarar dala 1,500. Saura ƙasa da wata uku. Damina ta riga ta wuce, ginin nan da ya jira Janairu ba abin da zai same shi. Kuɗin nan da ya isa ya sa ƙofofi da tagogi. Sau biyu kenan akawun ɗaya yana cizona, kuma duka biyun rashin duba kwanan wata ne.

Ga yadda suke jera abin in ka zo cirewa daga Roth. Ana fara ɗauka daga kuɗin da ka zuba kai tsaye da hannunka, wannan kowane lokaci kana iya cire shi ba haraji ba tara. In ya ƙare sai a shiga wanda ka juya, tsohon juyi kafin sabo. Riba ce ta ƙarshe, ita kuma tana da nata agogon daban, sai ka kai 59 da rabi kuma Roth ɗinka na farko ya shekara 5 kafin ta fita ba haraji. Shi ya sa nake gaya wa duk yaron da ya fara aiki ya buɗe Roth ko da dala 50 ce, don agogon nan ya fara tafiya. In ma ka zuba kafin 15 ga Afrilu ka ce na bara ne, daga Janairun bara za a fara ƙirga maka. Kuɗin da ka san za a nema a gida cikin shekara biyu uku kuwa, bar shi a banki, ba na juyawa ba ne.

Akwai kuma tarkon cek. In ka bar aiki ka ce su turo maka kuɗin 401(k) da sunanka, dole su riƙe kashi 20, kai kuma kana da kwana 60 ka zuba shi a sabon akawun, kuma in kana so a ɗauka duka ka mayar sai ka cike kashi 20 ɗin nan daga aljihunka. Na san wanda ya saka cek ɗin a banki ya tafi gida hutun wata biyu da niyyar in ya dawo ya ƙarasa, ya dawo kwana sittin sun wuce, kuɗin gaba ɗaya ya zama cirewa, ga haraji ga tara. Ka ce musu su tura kai tsaye daga kamfani zuwa kamfani, kar ya bi ta hannunka. Wanda kuma yake aiki a ƙaramin kamfani aka buɗe masa SIMPLE IRA, shekara 2 na farko kar ya kusanci juyawa, tarar can kashi 25 ce.

Likitocinmu da 'yan kwamfuta, ku ma ban manta da ku ba, don na ga masu digiri uku sun faɗa wannan ramin. Wanda samunsa ya wuce iyaka ba a barinsa ya zuba a Roth kai tsaye, a 2024 ƙofar tana rufewa gaba ɗaya a dala 161,000 ga gwauro, 240,000 ga ma'aurata. Sai a bi ta bayan gida, a zuba a IRA na gargajiya da kuɗin da an riga an cire wa haraji, sannan a juya. Halas ne a doka. Amma IRS tana haɗa duk IRA na gargajiya da kake da su, har da SEP na masu aikin kansu da SIMPLE, ta ɗauke su ƙwarya ɗaya, kamar fura da nono ne in an dama, ba ka isa ka ce ludayin nan nono zalla na ɗebo ba. Ka zuba dala 7,000 mai tsabta, kana da tsohon IRA na dala 63,000 da ba a taɓa cire wa haraji ba, jimla 70,000, mai tsabtar kashi 10 ne kawai. Ka juya 7,000, dala 700 ce za ta wuce kyauta, 6,300 sai ka biya. Kuma ba ranar juyin suke dubawa ba, abin da ke cikin akawun ɗin ranar 31 ga Disamba suke kallo. Mafita ita ce kafin wannan rana ka tura tsohon IRA ɗin cikin 401(k) na inda kake aiki yanzu in suna karɓa, domin 401(k) ba ya shiga wannan lissafi, na matarka ma ba ya shiga naka. Ka bincika ko kana da IRA da ba ka sani ba, don in ka bar aiki da ɗan kuɗi tsakanin dala 1,000 da 7,000 kamfani na iya tura shi IRA da sunanka ba tare da ka nema ba, mu kuma da yawan canza aiki da adireshi wasiƙar ba ta iske mu. Fom 8606 kuma kar a manta da shi, shi ne shaidar cewa ka riga ka biya haraji a kan wancan kuɗin.

Iyayenmu da suka manyanta, daga shekara 73 doka na tilasta cire wani adadi kowace shekara daga na gargajiya, 75 ga wanda aka haifa daga 1960. Wannan adadin sai an fara cire shi kafin a juya komai, shi kansa ba ya juyuwa. Wanda ke kan Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, kuma ya sani ana duba samunsa na shekara biyu baya wajen yanke kuɗin wata, babban juyi a bana na iya ƙara masa kuɗin inshora bayan shekara biyu. Haka masu 'ya'ya da za su shiga jami'a, fom ɗin FAFSA na neman tallafin karatu shi ma takardar harajin shekara biyu baya yake kallo. Mai niyyar komawa gida gaba ɗaya ya yi wannan lissafin tun yana nan, domin babu yarjejeniyar haraji tsakanin Amurka da Najeriya ko Nijar ko Gana, in ka zama ba mazaunin nan ba abin da aka saba shi ne a riƙe kashi 30 na abin da ka cire daga na gargajiya, sai ka bi da takarda kafin ka ga ragowar in akwai. Mai girin kad kuwa ko yana zaune a Zinder takardar haraji ba ta sauka daga kansa ba har sai ya ajiye katin a hukumance. Maganar irin hannun jarin da za a sa kuɗin don guje wa kuɗin ruwa, da yadda zakkarsa take, wannan a zauna da malami, akwai asusun da aka tsara bisa shari'a kuma cikin IRA kai ke zaɓa.

Ƙanen nan namu da na fara da shi, nasa ya haɗa abu uku. Ya bar aikin sito ya koma tuƙi, ya sayi inshorar lafiya ta Obamacare da rangwamen gwamnati wanda aka yanke bisa abin da ya ce zai samu, juyin ya ɗaga samunsa, sai a ce ya dawo da wani ɓangare na rangwamen. Kuɗin tallafin masu ƙaramin ƙarfi da ake dawo masa da shi duk shekara, wanda da shi yake sayen tikitin gida, shi ma bai cancance shi ba a shekarar. Sannan fom 1099-R mai nuna kuɗin da ya fita daga asusun ritayarsa da aka aiko masa a ƙarshen Janairu bai kai wa mai cika masa takarda ba, ya ɗauka talla ce, shi kuma mai cikawar, wani ne a bayan shago da ko sunansa baya sawa a takardar, bai tambaya ba. IRS tana da kwafin komai, bayan shekara guda da wani abu sai ga wasiƙar CP2000 da ke cewa akwai kuɗin da bai sa a takardarsa ba. Don Allah duk wanda zai cika maka takarda ya ƙi sa hannu da lambarsa ta PTIN, tashi ka bar wajen. Akwai akantoci masu lasisi, akwai kuma shirin VITA da ake cika wa masu ƙaramin samu kyauta, kuma a je wa akanta a Nuwamba kafin a juya, ba a Maris ba bayan aikin gama ya gama.

Daren Asabar muka zauna da shi a falona muka bi wasiƙar layi layi. Lissafinsu daidai ne, ba abin musu. Akwai ranar da suka sa a mayar da amsa, muka sa hannu ya tura tun kafin ta zo, ya nemi a raba masa biyan wata wata, domin yana shirin neman zama ɗan ƙasa baɗi kuma fom ɗin N-400 yana tambaya ko ana binka haraji, gara ya je da takardar yarjejeniyar biya a hannu. Juyinsa na 2023 ne, don haka na sa ya rubuta 1 ga Janairun 2028 a jikin fayil ɗin da manyan baƙi, ya kuma kira yayansa a gida a gabana ya gaya masa maganar sayen fili a dakata tukuna.